Ɗantsoho Mai Yaƙi da Tumbi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Gumel ya san Ɗantsoho dillali, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Mutum ne gajere, kakkaura, wanda tumbinsa ke riga shi shiga zaure. Ba a taɓa ambatar wani abu a gabansa ya ce bai iya ba. In ana hirar kokawa, shi ne ya kayar da wani ƙato a Sule Tankarkar har sai da aka yayyafa wa mutumin ruwa. In ana hirar gudu, ya taɓa bin zomo a dajin Gagarawa har zomon ya tsaya ya ba shi haƙuri. Abin da jama'a suka shaida da idonsu dai shi ne cinsa: waina da miyar taushe da safe, balangu da rana, sannan a kora da lemon kwalba mai sanyi.

Wata Litinin ma'aikatan lafiya suka kira taron wayar da kai a kan cin abinci mai gina jiki da motsa jiki. Ɗantsoho bai ji komai a sanarwar ba sai kalmar abinci, don haka ya riga kowa zuwa, ya kama kujerar gaba. Iskar fanka na bi ta kansa barci ya yi awon gaba da shi. Sama-sama ya riƙa jin jami'ar da ke bayani, Malama Safiya, tana ambatar mai da gishiri da suga. Bai farka ba sai da ta ɗaga murya ta ce, "To wa zai fito daga wannan ɓangaren?" Shi kuwa ya zaci tambaya ake wa bai samu nasa rabon ba, ya yi zumbur ya ɗaga hannu.

"Madalla da Malam Ɗantsoho!" in ji ta. "Kai ne jagoran unguwarku."

Aka tafa. Aka ba shi farar riga mai gajeren hannu, da hular hana-sallah, da usur. Kafin ya isa gida ya riga ya naɗa kansa Sarkin Yaƙi da Tumbi na ƙasar Gumel baki ɗaya.

Ya tarar da matarsa Lauratu tana kaɗa miya a tsakar gida. Ya busa usur har kaji suka watse.

"Daga yau na soke mai a gidan nan. Na soke gishiri. Na soke suga. Daddawa ma ina zarginta."

Lauratu ta dube shi daga hula har takalmi. "Malam, wannan rigar ta wane yaro ce ka aro? Ga cibiyarka a waje tana gaisawa da mutane."

"Kayan aiki ne. Ke me kika sani?"

"Na san mu ma an tara mu a asibiti makon jiya. Cewa aka yi a rage, a ƙara ganye da wake da kayan lambu. Ba a ce a soke ba."

"Na mata aka faɗa muku. Mu shugabanni na ainihi aka ba mu."

"To, ranka ya daɗe," in ji Lauratu, da wani irin ladabin da ya kamata ya tsorata shi.

Da azahar ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka wadda ba ta san gishiri ba, ba ta san mai ba, ba ta ga ko inuwar daddawa ba. Ita da yara kuwa suka zauna gefe da kwaɗon zogale da ya sha ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, ƙamshi na dukan hanci. Ɗantsoho ya kai loma ɗaya. Lomar ta tsaya a maƙogwaro tana shawarar komawa. Ya runtse ido ya tura ta da ruwa.

"Yaya, Malam?"

"Lafiya zalla," in ji shi, ƙwalla na taruwa a idonsa. "Ina jin ta tana shiga jijiya."

Da ta juya baya ya tura kwanon gaban kyanwar gidan. Kyanwa ta sansana, ta dube shi, ta tashi ta bar masa wurin.

Washegari da hantsi ya fita yaƙi. Wadda ya fara cin karo da ita ita ce Iya A'i mai ƙosai, dattijuwar da ta yi shekara da shekaru tana suya a bakin layi. Ya tsaya a kanta ya busa usur.

"Iya, wannan man ya yi yawa. Kina kashe al'umma."

"Al'ummar da ta fi kowa ci ita ce a tsaye a kaina," in ji Iya A'i, ba ta ko ɗago ba. "Na nawa za a zuba maka yau?"

"Na tuba da ƙosan mai. Yanzu a ƙasashen da suka ci gaba da ruwa ake soya shi."

"Da ruwa?"

"Da ruwa. Kawo in nuna miki."

Masu jiran ƙosai suka matso. Ɗantsoho ya sa aka ɗora wani kasko da ruwa, ya jira ya tafasa, ya naɗe hannun rigar da ba ta da hannun naɗewa, ya ɗebo ƙullu ya saka. Ƙullu ya baje. Ya ƙara wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Kafin a jima kaskon ya zama wani farin abu mai kumfa, yana ɓal-ɓal yana tsartuwa. Ɗigo ɗaya ya yi tsalle ya sauka daidai kan cibiyar nan da ke waje. Ɗantsoho ya daka tsalle ya yi wata ƙara irin ta ɗan akuya.

"Ga motsa jiki ya fara!" in ji wani daga baya.

Iya A'i ta miƙe da matsami a hannu. "Ƙulluna ka mayar kunu? Tsaya in soya ka da ruwa in gani!"

Ranar mutanen layin suka ga gudun da aka yi wa zomon Gagarawa, sai dai bai kai ƙarshen layi ba ya jingina da katanga yana haki.

Wannan bai sa ya saduda ba. Ya aika aka tara samarin unguwa a filin makaranta da sassafe. Suka zo kuwa da yawa, don Malama Safiya ta riga ta zaga ƙungiyoyin ƙwallo ta yi musu bayani, wasu kuma labarin ƙosan ruwa ne ya kawo su. Har da Kawu Manu, wani dattijon Bafulatani siriri kamar sandarsa, mai kiwon tumaki a bayan gari. Shi da Ɗantsoho abokan wasa ne, don Ɗantsoho jinin Mangawa ne, ba sa haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba.

"Ɗan Fillo, me ya kawo ka? Kai da iska ma ke ɗauka?"

"Na ji an ce yau tulu zai yi rawa," in ji Kawu Manu, ya dogara sanda. "Na ce ba za a ba ni labari ba."

Ɗantsoho ya yi kamar bai ji ba. Ya busa usur. "Samari! Na farko, kowa ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa. Ku kalle ni."

Rabon Ɗantsoho da ganin yatsun ƙafarsa a tsaye tun kafin aurensa. Ya ja numfashi, ya sunkuya. Tumbi ya ce ba a wucewa. Ya ƙara dannawa. Sai aka ji ɓarak, wando ya rabu biyu daga baya, sannan aka ji ƙas, baya ya riƙe. Ya tsaya a nan a lanƙwashe kamar mai neman allura a ƙasa, ba gaba ba baya.

"Baba Ɗantsoho, mu ɗago?" in ji samari, su ma duk a sunkuye.

"Kar wanda ya ɗago!" in ji shi da ƙyar. "Haka ake yi. Ana daɗewa."

Aka daɗe. Da Kawu Manu ya ga gumi na ɗiga daga hancin mutumin, ya cire rawaninsa ya rufa masa a baya saboda mutunci, ya sa aka kawo baro. A haka aka tura Sarkin Yaƙi zuwa gida a lanƙwashe, yana ce wa duk wanda suka gamu da shi, "Sabon salo ne, ba ku san shi ba tukuna."

Kwanaki ya yi Lauratu na gasa masa baya da ruwan zafi, tana kuma kawo masa miyar nan tasa ba fashi. Ya rame a fuska, tumbi kuwa ko gezau, don kullum ta fita unguwa sai ya lallaɓa ta ƙofar baya ya ziyarci mai balangu.

Da ya warke Malama Safiya ta zo duba shi, ta kawo labari. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, za a yi babban gangami a can. Jagorori za su zo da mutanensu daga Gagarawa da Sule Tankarkar da Gumel. Za a koya wa iyaye girki mai gina jiki da abin da ake nomawa a gida, a auna hawan jini kyauta, a yi ɗan tattaki daga bakin gari zuwa kasuwa. Unguwar da ta fi nuna himma za a kafa mata lambun kayan miya da filin wasan yara.

"Ɗan tattaki?" in ji Ɗantsoho. "Daga bakin gari? Malama, wannan ai na masu jego ne. Mu daga nan Gumel za mu taka har Maigatari."

"Malam Ɗantsoho, ba a fara motsa jiki da haka. Kaɗan-kaɗan ake yi kullum. Ga shi ranar taro na auna ka, jininka ya hau. Tafiyar safe daga gida zuwa kasuwa ta ishe ka."

"Na'urarku ce ta tsorata da ni. Ni da na taɓa zuwa Damagaram a ƙasa na dawo ban sha ruwa ba?"

Ta yi juyin duniya ya ƙi. Daga ƙarshe ta ce mata da yara da tsofaffi dai mota za su bi, samarin ƙwallo da suka saba gudu su taka in sun so, da ruwansu a hannu. Shi kuma ta roƙe shi ya shiga mota. Ya ce jagora ba ya shiga mota.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba aka taru. Ɗantsoho ya sha farar riga da sabon wando mai faɗi, ya yi wa unguwa jawabi cewa lambun nan kamar an riga an shuka shi. Ya busa usur ya fita da gudu, samari na biye. Mata na leƙe ta kan katanga suna guɗa.

Gudun ya kai shi gidan mai na ƙarshen gari. Daga nan ya koma sauri. Daga sauri ya koma tafiya. Kafin gidajen Gumel su ɓace a bayansu ya fara jin kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji, ƙafafu kuma na wani ne ya ara.

"Ku wuce gaba," ya ce wa samarin. "Jagora na gari a baya yake tsayawa, saboda masu faɗuwa."

Suka wuce. Da suka sha kwana ya zube a gindin wata bishiyar aduwa, ya tashi da sauri saboda ƙaya, ya koma gefen kwalta ya zauna yana tunanin wanda ya fara ƙirƙiro tafiya a ƙasa. Can sai ga wata a-kori-kura shaƙe da raguna za ta kasuwa, ta tsaya direba na zuba ruwa a inji. Ɗantsoho ya duba gabas ya duba yamma. Ya lallaɓa ta baya, ya kama ƙarfe, ya yi ta fama har ya mirgina ciki, ya kwanta a tsakanin ƙafafun raguna.

Mota ta tashi. Ragunan ba su yi murna da baƙo ba. Wani ya taka masa ciki, wani ya yi masa abin da raguna ke yi in mota na girgiza su, wani kuma ya kama hular hana-sallah ya fara ci daga baki. Ɗantsoho bai iya ko tsawa ba, don daidai lokacin suke wuce samarin unguwa suna tafe suna waƙa. Ya ƙara manne fuska a ƙasa.

A bakin kasuwar dabbobi ta Maigatari aka buɗe mota aka fara sauke raguna. Sai ya ji wata murya da ya sani sarai, ta mai ragunan da ya sauko daga gaban mota.

"Direba, tsaya. Wannan babban na ƙasa ba nawa ba ne. Ba shi da ƙaho."

Ɗantsoho ya ɗago. Kawu Manu ne tsaye, ya riƙe haɓa.

"Ɗan Fillo, don girman Allah rufa min asiri."

"Ni? Ni ban ga kowa ba. Rago na gani. Sai dai ka sauka kafin 'yan Damagaram su taya ka, sun fi son mai kitse."

Ɗantsoho ya diro. Ya tsaya wurin mai garuwa ya wanke abin da zai wanku, ya sheƙa ruwa a ka da ƙirji ya zama gumi, ya gyara ragowar hularsa. Sannan ya nufi filin gangami da ɗan gudu-gudu, yana busa usur.

Fili ya cika. Ga rumfuna, ga manyan lasifikoki an kafa a kan sanduna ana jin su har cikin kasuwa, ga mata sun kewaye tebur cike da zogale da alayyafo da wake da gyaɗa da kankana. Da aka hango shi wuri ya ɗauki tafi.

"Ikon Allah! Har ya iso? Ina samarin?"

"Na baro su a hanya," in ji Ɗantsoho yana haki na gaskiya. "Yaran yanzu ba ƙwari."

Malama Safiya ta dube shi, ta ɗan ja hanci. Lauratu, wadda ke cikin masu girki, ta daɗe tana kallon hular da aka ci rabinta. Mai kula da na'urori ya zo ya maƙala masa ɗan ƙaramin abin magana marar waya a wuyan riga, ya ce da an gama koyar da girki shi zai yi jawabi, ya ba jama'a sirrin ƙarfinsa.

Sai dai tun asuba babu abin da ya shiga cikin Ɗantsoho. Ga kuma iska na kaɗo wani ƙamshi daga bayan rumfuna, ƙamshin da ya fi ƙarfin imaninsa. Ya ce zai je ya kama ruwa. Ya zaga baya, ya bi hancinsa har tukubar wani mai tsire ɗan Damagaram.

A fili kuwa Malama Safiya na riƙe da faranti tana bayani. "Iyaye, ku duba nan. Rabin farantin yaro ganye ne da kayan lambu. To ɗaya rabin me za mu zuba?"

Sai lasifikoki suka amsa da wata murya mai kauri: "Kitse. Kitse zalla. Kar ka sa min tsoka ko ɗaya."

Malama Safiya ta duba abin maganarta, ta ci gaba. "Sannan mu rage mai da gishiri…"

"Ƙara man. Malala shi. Barbaɗa gishirin da kyau, kwana da kwanaki ina cin miya kamar ruwan wanki."

Kan mata ya juya wajen Lauratu. Lauratu ta ajiye ludayi ta naɗe hannu.

Aka ji muryar mai tsire: "Malam, ba kai ne mai rigar lafiyar nan da aka ce ya zo a ƙasa daga Gumel ba?"

"A ƙasa? Ni mahaukaci ne? Motar raguna na biyo. Kai dai miƙo lemo mai sanyi, babbar kwalba. Zogalen nan nasu ko akuyata sai an lallashe ta."

Daga nan sai tauna. Lasifikokin nan masu kyau ne, ba su ɓoye komai ba, har gyatsar ƙarshe sai da ta kai kasuwar raƙuma. Mai na'ura ya kai hannu zai kashe, wata tsohuwa daga Gagarawa ta buge hannun. "Bar shi, ɗan nan. Tun safe ba a yi bayani mai daɗin wannan ba."

Daidai lokacin samarin unguwa suka shigo fili, ƙafafu fururu, riguna sharkaf, sun ji komai tun daga bakin kasuwa. Suka tsaya jere suna jiransa.

Sai ga Ɗantsoho ya ɓullo yana goge baki da bayan hannu. Ya hau kan dandamali da ƙyar, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, sirrin ƙarfina ba wani abu ba ne. Rabona da nama…"

Bai ƙarasa ba fili ya fashe. Mata na riƙe ciki, tsofaffi na share hawaye da bakin rawani, Kawu Manu ya zauna daɓas a ƙasa yana dukan ƙasa da sanda. Wani saurayi ya ɗaga murya: "Baba, ragunan sun iso lafiya?" Ɗantsoho ya duba ƙirjinsa. Ga mai ya zana taswira a farar riga, ga tsinken tsire na leƙe daga aljihu, ga ɗan abin magana da jar fitilarsa tana kallonsa.

Lauratu ta matso gaban dandamali. "Malam, ruwan wankin da kai ka ba da umarninsa?"

Ya sosa ƙeya. "Wato… ai da gangan na yi. Darasi ne. Na nuna muku abin da ba a so ne, don ku gane."

"Kuma mun gane," in ji Malama Safiya, tana danne dariya. "Tunda haka ne, tsaya yadda kake, kar ka goge komai." Ta sa aka miƙa masa tsinken da kwalbar lemo, mai hoto ya ɗauka. Ta tambaye shi ko ya yarda a yi amfani da hoton wajen wayar da kai. Ya tambaya ko za a kai shi har Sule Tankarkar. Ta ce har Gagarawa. Ya ce a ƙara girmansa.

Lambun dai unguwarsu ta samu, albarkacin samarin da suka taka da ƙafarsu da dambun zogalen Lauratu da ya ƙare tun kafin azahar. Jagoranci kuma ya koma hannun Lauratu. Dokarta ta farko a kan mijinta ta faɗa: kullum da safe ta tasa shi gaba a ƙasa daga gida har kasuwar hatsi, usur a bakinta, miya kuwa ta dawo da gishirinta daidai misali.

Bayan 'yan makonni hoton ya fito, an manna shi a asibitoci da makarantu da tashoshin mota. Ga Ɗantsoho da rabin hula, baki na ƙyalli, an ja masa ƙaton jan layi daga kafaɗa zuwa tumbi, a ƙasa an rubuta: KAR KA ZAMA HAKA.

Kawu Manu ya same shi tsaye a tashar Gumel gaban hoton, ya goya hannu a baya yana murmushi.

"Bamange, ko kunya ba ka ji?"

"Kunyar me?" in ji Ɗantsoho. "Ɗan Fillo, duk ƙasar nan nuna min mutum ɗaya da aka manna hotonsa a ƙananan hukumomi huɗu bai tsaya takarar komai ba."